Zuciyar Sa da Zoɓo a Aji

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka zo duba koyarwata ba. Lokacin ina ɗalibar koyon malanta, an tura ni wata sakandaren 'yan mata a Tarauni in yi wata uku ina gwaji, kuma makin ranar shi zai nuna ko na ci ko zan maimaita shekara.

Darasin kan yadda jini ke zagaya jiki ne. Kowa zane yake yi a allo ya wuce, amma ni da iyayina sai na ce zuciya ta gaske zan kai. Tun da safe na tsaya wurin mahaucin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, na roƙe shi zuciyar bijimin sa, kada ya tsaga ta. Ya dube ni ya ce, "Malama, magani za a haɗa?" Na haɗa da mazurari da gorar zoɓo (wai shi ne jinin).

Madam Rifkatu, malamar ajin, ta leƙa ledar ta ce, "Kin dai gwada a gida ko?" Na ce sosai. Ban gwada ba.

Mai dubawar, Malam Sadisu, ya iso cikin farar shadda tana ɗaukar ido, ashe daga nan ɗaurin aure zai wuce bayan masallaci. Na fara lafiya lau. Na nuna ɗakuna huɗu na zuciya, na yi bayanin yadda jinin da ya gama zagaya jiki ke dawowa ɓangaren dama, a tura shi huhu ya ɗebo iska, ya faɗo hagu, sannan a harba shi ko'ina. Ina ganin Malam yana gyaɗa kai sai kaina ya kumbura.

Na ɗura zoɓo ta babbar jijiya na ce, "Yanzu zan matsa, ku ga ta inda zai fito." Na matsa. Shiru. Na sake. Ko ɗigo. 'Yan baya suka fara ƙus-ƙus, gumi ya karyo min. Maimakon in haƙura, sai na ji bakina yana cewa, "Malam, matso kusa ka gani." Haba! Wa ya aike ni?

Bawan Allah ya taso ya sunkuyo. Na sa hannu biyu na matse da duk ƙarfina. Ashe gudan jini ne ya toshe hanyar. Ya fito fat, zoɓon ya biyo shi tsiri, tun daga hular Malam har aljihun gaba.

Can wata daga gefe ta ce, "Anti, to shi ne huhun ke nan?" Dariya ta ɓarke, har Madam Rifkatu sai da ta fita waje. Ni kuwa na rarumi tsumman goge allo na nufi rigar (e, mai alli), ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, 'yata. Ya isa haka."

Sati biyu ban yi barcin kirki ba. Da takardar ta fito na ci, amma a ƙasa ya rubuta: "Ta san darasinta. A nisanta ta da baƙi."

Yanzu shekarata shida ina koyarwa, kuma har yau ina kai zuciya aji. Sai dai nakan wanke ta tas, in gwada a gida, kuma bakin jijiyar bango yake kallo.