Rasuwar Layi Tara, Mai Sabunta Allon Ɗakin Jira

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, mai kula da na'urorin ƙaramin asibitinmu yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Layi Tara, wato ɗan umarnin nan, layi na tara a wani ɗan rubutun kwamfuta, da ke zaune a cikin sabar, babbar kwamfutar asibitin, wanda kowace daƙiƙa ashirin yake sa shafin lambobin masu jiran likita ya sabunta kansa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Yayar mai sanarwa ce ta rubuta shi, lokacin ita ke kan kujerar nan, ƙanin nata ko kunna kwamfuta bai iya ba. Ita ta koya masa aikin, da haƙuri da ɗan ranƙwashi. Shekara uku ke nan da rasuwarta, kuma cikin duk abin da hannunta ya taɓa, Layi Tara kaɗai ya rage yana motsi.

Marigayin bai taɓa neman hutu ba, bai san son kai ba. Mai kwat da mai silifas duk a layi ɗaya yake ajiye su. Maganarsa duka ba ta wuce "tin" ba, allo ya ƙifta, sabuwar lamba ta fito. Mai sanarwa kan baro ofishinsa ba gaira ba dalili, ya jingina da ƙofa don kawai ya ji wannan ƙarar.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. An matsa a sabunta sabar, shi kuma mai sanarwa da hannunsa ya danna, bai tsaya gwadawa ba. Sabuwar ta ce sam ba ta jin yaren tsoho. Allo ya sandare a kan arba'in da ɗaya. Wani dattijo mai arba'in da biyu ya zauna da takardarsa har rana ta take, bai yi ƙorafi ba, wai allon bai taɓa yi masa ƙarya ba. Kwana biyu mai sanarwa yana lallashi, bai farfaɗo ba. Ya ce a faɗa wa jama'a laifin nasa ne, kuma abin yana cin sa.

Marigayin ya bar allo ɗaya mai zuru, da maɓallin F5 na sabunta shafi, da malamar karɓar kati, wadda yanzu take danna shi da yatsa tana tsaki.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan an tashi aiki, inda za a kai shi jakar tsofaffin fayiloli. Ana roƙon masu ta'aziyya su daina cewa sabon da zai maye gurbinsa ya fi sauri, mai sanarwa ya sani. Cikin layuka taran da ke rubutun, takwas za a binne, har da marigayin. Na farkon zai zauna a wurinsa, domin shi ba umarni ba ne, saƙo ne Yaya ta bari a saman aikin: "Ƙanina, kar ka taɓa, yana aiki. In ya lalace, ka kira ni."