Harsashi Daidai Kafaɗa

"…lafiya ƙalau, ya kasuwa? Ka yi haƙuri da mijin nan nawa, tun a mota yake mutsu-mutsu kamar kiyashi sun shige masa wando."

Mai shagon kayan farauta ya yi dariya, ya turo wa tsohon kujera. Ina, tsohon bai ga ta zama ba. Ya jingine jakar bindigarsa a jikin kanta, ya ɗauke, ya sake jinginewa. Jikarsa ce ta kawo shi, tela ce, ko tef ɗin awo bai bari ta cire daga wuya ba ya taso ta a gaba.

Ruwan tafki ya fara janyewa, agwagin daji na shirin tashi. Ɗansa kuma, uban yarinyar, ya riga ya yanke magana: da an gama farautar bana bindigar za ta bar gidan, tunda babu mai gadonta. Shi ya sa tsohon ya ƙudura gobe a bakin ruwa zai ɗora wa jikar tasa ita a kafaɗa, ko Allah zai sa ta shiga ranta. Bai gaya mata ba, ita a zatonta rakiya za ta yi. Harbin farko yake tsoro. Ubanta da harsashi mai nauyi ya fara, bindiga ta make shi ya zauna daɓas a laka, har yau bai ƙara taɓa ta ba.

"Ba ni mai sauƙin nan, lamba shida," in ji tsohon.

"Baba, ai na fakara ne wannan," in ji mai shago. "Kai da kullum lamba huɗu mai nauyi kake ɗauka in za ka agwagi?"

"Mene ne bambancin?" jikar ta tambaya.

"Lamba na hawa, ƙwayoyin ciki na ƙanƙancewa. Fakara a gabanka take tashi. Agwagwa kuwa ga nisa, ga kaurin gashi."

Ta juyo ta ƙare wa kakan kallo. "Au, ashe cakulkuli za ka je ka yi musu."

"Ke me kika sani? Ni da na taɓa kakkaɓo agwagi bakwai da harsashi ɗaya."

"Bara biyar ka ce."

"Sauran daga baya suka faɗo."

"Mai shago, ba shi mai nauyin. Ba zan zauna da mijin da zai dawo mini da gashin tsuntsu a aljihu ba. Wallahi sai a raba auren."

"Wa zai kwashe ki? Mace sai tsawo, miya kullum ba gishiri."

"Manema layi suke yi a ƙofar shagona."

"Masu neman a biya su yadin da kika ɓata ne."

Mai shago ya fara shigo da kayan da ya baza a waje, alamar zai rufe. Ya dire kwalin mai nauyin a kan kanta, kusa da na lamba shida. Tsohon ya saci kallon kafaɗar jikar, 'yar siririya, ba ta saba da komai ba sai keken ɗinki. Ya ture kwalin mai nauyin, ya je bakin ƙofa ya leƙa sama, ya dawo.

"In mutum ya iya laɓewa a ciyawa har agwagwa ta matso, lamba shida ta ishe ta."

"In ta matso," in ji mai shago.

"To ai shi ke nan, angona ya koma laɓe-laɓe." Ta zaro tef ɗin daga wuya ta ɗora masa a kafaɗa. "Tsaya mana, kai kam ba ka tsayuwa wuri ɗaya? Ka gani, ta ragu. Wannan kafaɗar ko rataye riga da ƙyar."

"Wannan kafaɗar ce ta ɗauke ki kina tsula mini fitsari a wuya."

"Tun a lokacin na ga ba ta da inganci. Yanzu dai ga shaida. Ka faɗa da bakinka ka tsufa, kafaɗa ba ta ɗaukar duka, sai a ba ka na yara. In ka ƙi, mai nauyin za mu saya, ko kuwa gobe ka tafi tafkin da ƙafa."

Tun tana 'yar mitsitsiya take farautar kalmar nan a bakinsa, bai taɓa ba ta ba. Ko likita bai samu ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya dubi kwalayen nan biyu, ya murza hula gaba, ya mai da ita baya.

"Na tsufa," ya ce.

Ta riga ta buɗe baki za ta yi shewa, sai ta tsaya. Muryar ba ta wasa ba ce. Mai shago ya sunkuyar da kai yana goge kantar da ba ta da datti.

"Kaka, wasa fa nake yi."

Sai tsohon ya fashe da dariya. "Kin ci, amarya, kin ci. To tunda miji ya tsufa, kaya ya koma kan mata." Ya ɗauki jakar bindigar ya rataya mata. "Ke da tef kike awo. Ni tun ɗazu na auna taki da ido."

Ta dubi kwalin lamba shida, ta dubi igiyar da ke kafaɗarta.

"Wato saboda ni ka zaɓi mai sauƙin."

"Saboda agwagi. Tausayinsu nake ji."

Ta gyara zaman igiyar, ta ɗan gwada nauyin bindigar, ba ta sauke ba.

"Mai shago, ƙaro kwali ɗaya," ta ce. "Mijina ya tsufa, ni kuma ban iya saiti ba tukuna."