Rasuwar Gwaggo, Saura Minti Ashirin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Surajo, direba a wani gida da ke Maitama, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, na'urarsa ta kallon fim, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Lahadi bayan la'asar. Ta yi shekara goma sha huɗu a hannunsa, ta kuma cika da faifai ɗaya a cikinta.

A Kasuwar Wuse aka samo marigayiyar, ta riga ta ga jiya ta ga yau. Kowa ya shaide ta da haƙuri. Faifai komai karcewarsa, in aka hura masa iska aka goga a riga, za ta ce ƙirrr, ƙas, ta haɗiye shi ba gardama. Babbar baiwarta riƙon amana. Ko an kashe ta, ko an ɗauke wuta, in ta farfaɗo daga inda aka tsaya take ɗorawa.

Sauran rayuwarta duka a ɗakin maigadi ta yi ta, tana hidimar mutum biyu, Surajo da amininsa Alexander, maigadin gidan. Darekta ɗaya suka yarda da shi a duniya, wani Bature da sunansa ya gagari harshensu, suka raɗa masa Babu Wasa. A finafinansa jarumi in an doke shi yakan kumbura, harsashi yakan ƙare, motar da ta lotse a farko haka za ta kai ƙarshe a lotse. Surajo ya fi son na direban tankar nan da burki ya tsinke masa a kan gada. Alexander kuwa na tsohon ɗan damben da ya koma gadin ma'aikata, don a cewarsa an mutunta sana'a. Shekara da shekaru suna wannan musu duk Lahadi, ba wanda ya saki.

Faifai na bakwai ne ba su ƙarasa ba. Saura minti ashirin, jarumin ya ɗora hannu a ƙofar mota, aka kira Alexander cewa motar garinsu ta cika, shi kaɗai ake jira. Hutun Kirsimeti za shi. Ya sa Surajo ya yi alkawarin ba zai ƙarasa ba sai ya dawo. A can zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu, shi ke nan.

Tun daga ranar ba a sake buɗe bakin Gwaggo ba. Duk Lahadi Surajo yakan kunna ta, ta kai shi daidai wurin, ya duba, ya yi maza ya kashe. Shekara uku ke nan, har yau jarumin bai gama shiga motar ba.

Ciwon ajalin ya fara ne da tari, ƙyat ƙyat, sai hoto ya riƙa rawa. An garzaya da ita wurin Zakariyya mai gyara a Wuse, ya yi iya yinsa. Daga baya ya ce a bari ya ɓalle ta ya ciro faifan, ai ma fim ɗin yana cikin waya. Surajo ya yi godiya, ya rungumo abarsa ya dawo. Waya ba ta san inda suka tsaya ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Ta rasu ta bar rimot ɗaya ɗaure da roba, da ƙaramin talabijin da ya yi shiru tun ranar, da marayun faifai shida.

Za a yi mata sutura da kwalinta na asali ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kwantar da ita ƙarƙashin bencin da Alexander yake zama, da faifanta a ciki. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu. Za a karɓi gaisuwa a bakin get har azahar, kuma Malam Surajo yana roƙon alfarma ɗaya tak: duk wanda ya san yadda fim ɗin ya ƙare, don Allah ya bar wa cikinsa.