Ranar da Na Ɗaura Komar Malam Garba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa ba da sunan jikana a gidanmu na Wudil, tun Bature bai tafi ba. Akwai Auta, ɗana, mai share ɗakin hoton ƙirji a wani asibiti a birni. Akwai Jummai matar yayansa, mai jegon. Akwai maƙwabcinmu Malam Garba masunci, da matan unguwa, da dangi daga Utai, sai mai hoton da Auta ya ɗauko.

Tun jajibiri Auta yake ba mu labarin aikinsa. Wai wani haske ke ratsa mutum ya fito da ƙasusuwansa. Na ce, "Har ta cikin zane?"

Ya ce, "Inna, wane zane! Zana, asabari, ƙyauren katako, duk wucewa yake kamar ruwa a rariya. Katangar ƙasa sai mai kauri sosai. Siminti ya fi ta, dalma ta fi kowa. Likitan ma rigar dalma yake sawa."

Nan take na tuna da abin da ke jikina. Watanni kafin nan na ƙwace jigidar Jummai, na ce matar kirki ba ta tafiya tana kacau-kacau. To, a ƙuguna take. (Gwadawa kawai na yi, sai ta zauna daram.) Cirewa kuwa ba hali, ɗakina cike da baƙi, kowace da idonta.

Da na ga mai hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku ya shige cikin baƙin ƙyalle, na ce shi ke nan, asirina zai tafi birni a takarda. Ban tambayi kowa ba, ni ce dai wadda ake tambaya. Katangarmu ba ta ɗaukuwa, siminti ba mu da shi. Amma komar Malam Garba ta kamun kifi tana shanye a bayan gida, bakinta duk dalma. Na naɗe ta a ƙugu, na ɗaura zane a kai, na fito ina tafiyar agwagwa.

Aka jera mu. Wata tsohuwar Utai ta shinshina ta ce, "Yaya, miyar kifi aka yi aka hana mu?"

Mai hoto ya ce kowa ya miƙe sosai. Na ja numfashi, ƙulli ya kwance, koma ta zube a ƙafata tim, ta tsinko jigidar ta taho da ita.

Malam Garba ya leƙo daga zaure. "Gwaggo, me kika kamo mana?"

Jummai ta durƙusa tana tsince duwatsun. "Inna, ashe adana min kika yi."

Auta kuwa sai da ya gama riƙe ciki don dariya sannan ya ce wannan akwatin fuska kawai yake ɗauka. (Ya kuwa ɗauke ta, baki buɗe. Hoton na nan.)

Abin da na gane, haske bai tona ni ba, katangar da na yi masa ce ta faɗo mini. Da gari ya waye na kai wa Malam Garba komarsa, na shirya jigidar a sabon zare da hannuna, na miƙa wa Jummai, na ɗaure fuska na ce, "Tsohon zaren ba shi da ƙwari, shi na gwada miki."