Jakin da Na Hora da Kaina

Da na sayo ɗan jakina a kasuwar Tsarnawa, na rantse ba mai hora mini shi sai ni. Dabarata kuwa ita ce in ɗaure shi a bayan tsohuwar jakar maƙwabcina Malam Idi, ya yi ta binta har ya san hanyar gona. Ya kuwa sani.

Da lokacin kai taki ya yi, sai in cika mangala, in daki ɗuwawunsa ya tafi shi kaɗai, tunda ƙanena Sale yana gona yana sassabe. Kullum mangala ta dawo wayam. Ni kuma ina teburin mai shayi ina koya wa mutane horon jaki.

Ran da jujina ya ƙare, Sale ya ce, "Yaya, wai yaushe za ka hwara turo takin?"

Na ƙi yarda, na bi jakin da ƙafata. Bai tsaya ba sai gonar Malam Idi, ta yi baƙi ƙirin da takina. 'Ya'yansa sun ɗauka kyauta ce.

Har yau in rani ya kama, Malam Idi kan leƙo ta katanga ya ce, "Maƙwabci, a gaishe min da ɗalibin. Gonata na jiran shi."