Ƙuri'ar Gidan Malam Hambali

Malam Hambali ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi a firamaren garinsu, kuma ko da ya yi ritaya bai ajiye jan biro ba. In aka kawo masa katin gayyatar ɗaurin aure, sai ya gyara kurakuran rubutun tukuna kafin ya duba ranar. A gida kuwa doka ɗaya gare shi, wadda matarsa Hajiya Gaje ta haddace tun tana amarya: "Gidan nan murya ɗaya ce." Da wannan doka aka raɗa wa yara suna, da ita aka zaɓi fentin falo, da ita ake murɗa rediyo.

To, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar ta gina ɗakin karatu, aka ce za a sa masa sunan malami guda. Sunaye biyu suka kai ƙarshe: na Malam Hambali, da na Malama Kande, wadda ta daɗe tana koya wa matan aure karatu da yamma, bayan an tashi yara. Malam bai ɗauki abin a matsayin takara ba. Ina mai koyar da rabawa mai tsawo, ina mai ajin ba, bi, bu? Ita kanta Hajiya Gaje ta yi shekara biyu tana zuwa ajin, shi ne ma ya ba ta izini, da sharaɗin kada tuwo ya makara.

Aka ce zaɓe a intanet za a yi, duk ɗan gari yana da ƙuri'a, a rufe ranar Talata da ƙarfe biyar na yamma. Malam ya bari sai ranar ƙarshe, don a ganinsa bai dace ɗan takara ya yi rawar jiki ba. Da safe ya je asibiti aka duba masa ido. Bayan la'asar ya sa babbar riga, ya zauna a falo kusa da akwatin waifai mai ba gida intanet da ɗansu ya kafa musu, ya gyara tabarau, ya yi bisimilla, ya danna sunansa. Waya ta rubuto masa: "An riga an kaɗa ƙuri'a daga wannan adireshi."

Ya sake dannawa. Ya goge fuskar wayar da hannun riga ya ƙara. Amsar ba ta sauya ko wasali ba.

Washegari sakamako ya fito. Malama Kande ɗari biyu da goma sha biyu, Malam Hambali ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Bai ci abincin safe ba sai da ya rubuta takardar ƙorafi mai shafi huɗu, kowane sakin layi da lambarsa, kwafi biyu. Ya ɗauki sanda ya nufi shagon Sadisu a bakin kasuwa. Sadisu shi ne sakataren ƙungiya, shi ya shirya zaɓen, magidanci ne da furfura a gemu da 'ya'ya shida. Amma yana hango tsohon malaminsa ya miƙe zumbur, har kujera ta faɗi.

"Allah ya gafarta Malam. Da ka aiko ai da na zo."

"Da na aiko da ka ce saƙon ma an riga an karɓa daga wannan adireshi. Karanta sakin layi na ɗaya. Da ƙarfi."

Sadisu ya karanta. Ya share gumi ya ce, "Malam, ba kai aka hana ba. Matsalar IP ce." Da yake Bahaushe ne na gaske, "ai fi" ya furta.

"Ai fi wa? Kande ce ta fi ni?"

"A'a, Malam, sunan wata lamba ce. Duk abin da zai shiga intanet sai kamfani ya ara masa lamba, ita ce adireshinsa, don in ya yi tambaya amsa ta san inda za ta koma."

"Adireshina gida mai lamba goma sha bakwai, layin tsohuwar rijiya. Shekara arba'in ban gusa ba, kuma ba aro na yi ba."

"Wannan na ɗan aike ne, Malam. Na intanet daban. Akwatin waifai na gidanka shi aka ba lamba guda. Duk wayar da ta hau kansa, da wannan lambar take fita. Kamar zaure ne: ko mutum goma ne a ciki, mu da muke waje ƙofa ɗaya muke gani. Shi ya sa muka ce lamba ɗaya, ƙuri'a ɗaya, don kada wani ya yi ta dannawa."

Malam ya dube shi ta saman tabarau, irin duban da ke sa ɗan aji biyar ya manta sunan ubansa.

"Wato ƙofofi kuka ƙirga, ba mutane ba. Kai Sadisu, ka taɓa ganin na shigo kiran rajista na ce 'aji biyar', ƙofa ta amsa, na rufe littafi na fita?"

Sadisu ya ce ƙasa-ƙasa, "Amma ranar da aka fasa tagar aji aka rasa mai laifi, mu arba'in da biyu muka sha bulala."

"Me ka ce?"

"Na ce gaskiya ne, Malam." Ya yi sauri ya ƙara, "Da ka kashe waifai ka kunna datar wayarka, da wata lambar za a ba ka, ƙuri'ar ta shige."

"Madalla! Wato ɗan zamani da ya san dabara zai yi ta sauya lamba kamar hula yana zaɓe sau goma, dattijon da ya zauna a gidansa da mutuncinsa a ce masa an riga an yi masa. Wannan ne lissafin da na koya maka? Buɗe na'urar. Ina so in ga ɓarawon ƙuri'ata."

Sadisu ya buɗe kwamfuta, ya bi jerin lambobi da yatsa. Ga wata lamba ta yi yunƙuri sau uku da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, an ƙi ta. Malam ya ce shi ne wannan. Sadisu ya yi sama kaɗan. Ga lambar nan dai, ba bambancin ko ɗigo, da ƙarfe goma da minti arba'in na safe, an karɓa.

"A lokacin ina asibiti likita na haska min ido. Ina da kati. Faɗi sunansa."

"Lamba ba ta faɗin suna, Malam. Gida kawai ta sani. Sai dai ko wani maƙwabci ya san kalmar sirrin waifai ɗin."

"Kalmar sirrina amsar wani lissafi ce da ko kai ba za ka iya ba. Duk duniya ba wanda ya san ta sai ni da…"

Sadisu ya sami wani abin kallo a silin.

Malam ya ce, "Wa aka zaɓa?"

"Malam, ƙuri'a sirri ce."

"Ta gidana ce. Juyo da allon."

Sadisu ya juyo da shi. Malam ya karanta sunan Malama Kande harafi-harafi. Bai buƙaci alli ba: cire ɗaya daga nan, a kai can, shi ne mai ɗari biyu da goma sha biyu. Ba gari ne ya kayar da shi ba. Daga falonsa aka kayar da shi, da akwatin da yake kashewa da hannunsa kullum don kada ya sha wuta.

Ya gyara murya. "Kuskure ne. Mata ba su saba da waɗannan abubuwa ba, yatsa ne ya zame. Ina neman gyara, sakin layi na tara."

Sadisu, da yake neman hanyar da zai koma ya zauna, ya ce, "Abu ne mai sauƙi. In wanda ya kaɗa ya sa hannu cewa kuskure ya yi, kafin Juma'a, kwamiti zai soke ta, ka kaɗa taka. Amma ranar Asabar mai fenti zai rubuta suna a allon ɗakin karatun."

Nan take a kan teburin shagon Malam ya rubuta takardar, layi biyar, ya ja layin sa hannu da rula. Ya gyara wa Sadisu wani kuskure a allon shagonsa, ya kama hanya.

Ya tarar da Hajiya Gaje a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi ido. Ya ce ido lafiya lau, har ya fara ganin abin da bai taɓa gani ba.

"Gaje, jiya da hantsi kin taɓa waya?"

"Na taɓa, Malam."

"Kin shiga wajen zaɓen nan?"

"Na shiga. Ai an ce duk ɗan gari."

"To yatsanki ya zame. Ga takarda, sa hannu a nan."

Ta goge hannu da gefen zane, ta karɓa. Maimakon ta nemi wurin sa hannu, sai ta ɗora yatsa a layin farko ta fara bi a hankali, leɓɓanta na motsi, kamar yadda aka koya musu a ajin yamma. Malam yana tsaye da biro a buɗe har hannunsa ya gaji. Da ta kai ƙarshe ta ninke takardar gida biyu, ta miƙa masa.

"Rubutunka da kyau, Malam. Amma yatsana bai zame ba. Sai da na karanta sunan sau biyu."

"Gaje! Kin san abin da kika yi? Na'urar nan lamba ɗaya ta ba gidan nan gaba ɗaya. Ƙuri'a ɗaya tak! Da kika kaɗa taki, ni maigida, ni ɗan takara, rufe min baki aka yi. Da me zan fita in kalli mutane?"

Hajiya Gaje ta jawo farantinta, ta tsinci wata tsakuwa ta jefar.

"Haba Malam, shekara arba'in kana cewa gidan nan murya ɗaya ce. Ga shi har na'ura ta yarda da kai. Ni dai kawai na riga ka buɗe baki."