Makullin da Na Ɓoye a Hula

Ba zan taɓa mantawa da ranar rufe rajistar jarrabawar 'yan aji shida ba, ko da na so. Ni ne malamin kwamfuta a wata sakandare a Kaura Namoda, kuma lokacin kaina ya kumbura da wata manhajar adana kalmomin sirri: ka zuba mata duka, ka riƙe babbar kalma guda. Na ishi kowa da wa'azinta, musamman Malam Garba, magatakardanmu, mai rubuta nasa a bayan kalanda. Har a taron malamai na yi masa dariya (Allah Ya yafe mini).

Babbar kalmar tawa kuwa, a 'yar takarda na rubuta ta, na ninke na cusa cikin hulata. A ganina babu ɓarawon intanet da hannunsa zai kai nan.

Ran nan wayata ta sabunta kanta, manhajar ta ƙi karɓar yatsana, ta ce sai babbar kalma. Kalmar shiga shafin rajista tana cikin manhajar, ƙarfe huɗu za a rufe, ga yara talatin ba a shigar ba. Na tuɓe hula na laluba, wayam. Ashe Balki, matata, ta ba da waccan wanki, wata mai kama da ita na sa. Ko harafin farko na kalmar na kasa tunawa.

Shugaban makaranta ya aika aka ɗauko Baba Ige mai wankin hula a babur. Tsohon ya shigo ofis, malamai cike, ya miƙo takardar da hannu biyu.

"Malam, ga layarka. Na ji tsoron jiƙa ta, sai na kai ma liman, ya ce wagga ba aya ba ce. Mai shayi shi ad da boko, shi ya karanta muna."

"Mi ta ce?" in ji shugaba.

Na buɗe baki in hana, amma Baba ya riga ya hardace.

"Balki zumata, sarauniyar Zurmi, ɗaya biyu ukku."

Ofis ya fashe da dariya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Muka shigar da yaran saura minti goma, Malam Garba na tsaye a kaina.

"Akwai sauran wuri bayan kalanda," ya ce a hankali.

Na canza kalmar, na hardace sabuwa. Manhajar dai ba ta ci amanata ba, ni na kai makullinta teburin mai shayi. Har yau in na wuce ta nan, sai an ce in gai da sarauniya.